Gadar Da Tsatsa Ba Ta Ci: Daga Bakin Teku Zuwa Rafukan Riruwai

Duk wanda ya bar birnin Kano ya nufi kudu, ya wuce Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗen filin nan da aka san Kano da shi sai ya ƙare, duwatsu su taso, itatuwa su yi duhu, rafuka su yawaita. A cikin waɗannan duwatsu garin Riruwai yake, a Ƙaramar Hukumar Doguwa, tafiyar fiye da kilomita 150 daga birni, kusa da inda Jihar Kano ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi. Tsakaninsa da teku kuwa akwai fiye da kilomita 600. Saboda haka mai karatu yana iya mamakin abin da ya haɗa wannan gari da labarin gadojin da injiniyoyi suke ginawa a bakin teku domin masu tafiya a ƙasa. Abin da ya haɗa su shi ne tambayar nan da kowane magini yake fama da ita, watau da me za a yi gini a bakin ruwa ya daɗe.

Riruwai dai tsohon garin ma'adinai ne. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suke wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinken tsintsiya, fatake su ɗauka su kai kasuwanni masu nisa. A zamanin mulkin mallaka kamfanoni suka shigo, sa'an nan a shekarun 1970 aka haƙa rami mai zurfi domin bin wata jijiyar ma'adini da ta ratsa dutsen, mai tsawon kimanin kilomita 5, wadda ke ɗauke da kuza da tutiya. Aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe a watan Oktoba na 1985.

Ɗaya daga cikin manyan amfanin waɗannan ma'adinai biyu shi ne kare ƙarfe. Da kuza ake shafe gwangwanin madara da na tumatir, da tutiya kuma ake shafe kwanon rufi, duk domin a hana tsatsa cin ƙarfen da ke ciki. Amma shafe komai kyansa yakan ƙare, ran da ya goge kuwa tsatsa ta sami ƙofa. Wannan ya sa masana suka daɗe suna neman abin gini mai ƙarfi wanda tun asali ba ya tsatsa. Sun kuwa samu, kuma da shi ake gina gadojin ƙafa a bakin teku a ƙasashe da dama.

WAHALAR DAMINA

Kafin a shiga bayanin wannan abu, ya kamata a dubi bukatar da ke akwai. Kudancin Kano ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, don a shekara yakan haura milimita 1,000. Ruwan da ya sauka a kan dutse kuwa ba ya nutsewa, gangarowa yake yi gaba ɗaya, saboda haka rafin da yaro ya tsallake da safe ko idon sawunsa bai jiƙe ba, kafin la'asar sai ya gagari ƙato. Yawancin waɗannan rafuka su ne suke tattaruwa su shiga Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga cikin ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan da ya zama arziki ga manoman shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura, shi ne yake zama katanga ga mutumin da ƙauyensa ke hayin rafi.

Gwamnati takan gina manyan gadoji a kan hanyoyin mota, amma ƙananan mashigai da ke tsakanin ƙauye da ƙauye, ko tsakanin unguwa da makaranta, sun fi a ƙirga. A irin waɗannan wurare jama'a sukan yi gayya su kafa kadarko. A gitta gungume ko azara, a jera gora da rassa, a zuba ƙasa a bisa. Gara ta ci wani sashe, danshi ya ruɓar da wani, ruwan Agusta ya zo ya kwashe saura, baɗi a sake sabo. Ran da babu kadarko kuwa, ɗan makaranta ya zauna gida, malamin da yake zuwa daga wani gari ya juya, mai naƙuda ta jira ruwa ya janye, manomin masara kuma ya sayar wa duk wanda ya iya isowa gare shi a kan kuɗin da mai sayen ya ga dama.

Ƙarfin ruwan wannan yanki ba abin wasa ba ne. A watan Agusta na 1988 madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, aka yi hasarar rayuka da gidaje da gonaki. A watan Yuli na 2021 kuma ruwan sama ya karya wata gada a Ƙaramar Hukumar Doguwa, mota ta afka ciki, mutum fiye da 15 suka rasu. Idan gadar mota tana iya karyewa, ina ga kadarkon itace? Amfanin ƙaramar gada kuwa an auna shi a wasu ƙasashe. Wani bincike da masana tattalin arziki suka buga a 2020 a kan ƙauyukan Nikaraguwa, a Amurka ta Tsakiya, ya nuna cewa inda aka gina gadar ƙafa, abin da magidanta ke samu daga ƙwadago ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin uku, domin ambaliya ta daina hana su fita nema.

ROBA MAI ZARE

Abin ginin da ake magana a kansa haɗi ne na abu biyu, zare da ƙaro. Masu jiragen ruwa da masu gyaran jikin mota suna kiransa faiba, wanda ya so kuma yana iya cewa roba mai zare. Hikimar da ke ciki ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Magini yakan cuɗa ƙasa da ciyawa kafin ya yi gini, domin ya san ƙasa ita kaɗai tsagewa take yi, ciyawa ita kaɗai kuma ba ta tsayuwa. Mafi kusa da faiba ma shi ne laso, wanda akan haɗa da katsin marina da gashin majema da ruwan dafara, a shafe soro da shi ko cikin karofi, ruwa ya kasa ratsawa. Gashin ne yake riƙe shafen kada ya tsage, dafara kuma ta ɗaure gashin da katsin su zama abu guda.

A faiba, zaren gilashi ne a madadin gashi. Akan narka yashi mai tsabta da farar ƙasa da wasu ma'adinai a zafin da ya haura digiri 1,200, a jawo narkakken gilashin ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, ya fito ya fi gashin kai siranta. Gilashin taga da an buge shi ya fashe, amma idan ya zama zare sai ya yi ƙarfin ja na ban mamaki. A madadin dafara kuma sai ƙaron masana'anta da ake samu daga man fetur, irin su foliyesta da ifoksi. Wanda ya taɓa liƙe abu da gam ɗin Araldite ya san halin wannan ƙaro, watau a haɗa ruwa biyu su daskare, kuma ba za su sake narkewa su koma ruwa ba. Nan ne faiba ta bambanta da robar bokiti da takalma da tabarma da masana'antun Sharaɗa da Bompai suke yi, wadda ake narkawa a sake zubawa.

Kamfanin Owens-Corning na Amurka, wanda aka kafa a 1938, shi ne ya yi fice wajen fitar da zaren gilashi kasuwa. An yi amfani da faiba a jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙin aka shiga ƙera jiragen ruwa da ita, a 1953 kuma aka fito da motar Corvette mai jikin faiba. Domin a sami ginshiƙai da fallayen gada kuwa, akwai wata dabara da ta bunƙasa a shekarun 1950. Akan jawo dubban zaruruwa a lokaci guda, a tsoma su cikin ƙaro, a bi da su ta cikin wani bakin ƙarfe mai zafi wanda aka fafe da siffar da ake so. Kamar injin taliya ke nan, sai dai a nan jawowa ake yi maimakon turawa. Abin da zai fito ta ɗaya bakin ya riga ya daskare, ko bututu, ko falle, ko dogo mai siffar ƙarfen gini, sai a yanka daidai tsawon da ake bukata. Akwai kuma wadda ake zubawa kamar raga mai idanu, a shimfiɗa a daɓen gada ruwa ya riƙa zuba ta ciki, a manna mata yashi mai kaushi a sama don kada santsi ya ɗebi mutum.

Idan aka ɗauki curin ƙarfe mai mita ɗaya ta kowace fuska, nauyinsa kilo 7,850 ne. Kankare mai wannan girma kimanin kilo 2,400 ne, faiba kuwa kimanin kilo 1,900. Watau nauyinta bai wuce rubu'in na ƙarfe ba, alhali idan aka ja ta ta inda zaren ya miƙe, ƙarfinta yana kusa da na ƙarfen gini. Ba ta tsatsa, ba ta ruɓa, gara ba ta cinta, wutar lantarki kuma ba ta bin jikinta.

DARASIN BAKIN TEKU

Babu inda yake gwada ingancin kayan gini kamar bakin teku. Iskar wurin ɗauke take da gishiri dare da rana. Ƙarfe yakan yi tsatsa cikin hanzari. Kankare ma bai tsira ba, domin gishirin yakan bi ta ƙananan ƙofofin jikinsa har ya kai ga rodin da ke ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. Katako kuwa ruɓa yake yi, ga kuma wasu tsutsotsin ruwan gishiri masu huda shi. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma a ƙasar Ilaje ta Jihar Ondo, kamar garin Ayetoro, da wasu garuruwan Neja Delta, titin unguwa shi ne gadar katako a kan turaku, wadda gyaranta ba ya ƙarewa.

Misalin da ya shahara shi ne na Dawlish, wani gari a kudu maso yammacin Ingila, inda tashar jirgin ƙasa take daf da teku har igiyar ruwa tana fantsama a kan dogo. Gadar ƙarfen da fasinjoji suke hawa su tsallake dogon, wadda aka yi a 1937, tsatsa ta cinye ta har gyara ya gagara. A 2012 aka sauke ta aka kafa ta faiba mai kama da ita sak, mai nauyin kimanin tan 5, watau wajen sulusin nauyin ta ƙarfen. A watan Fabrairu na 2014 guguwar teku ta rushe wani sashe na katangar da ke kare dogon, jirgi ya yi wata biyu bai bi hanyar ba, amma sabuwar gadar tana nan tsaye. A Ostareliya da Amurka ma an shimfiɗa hanyoyin ƙafa na faiba masu yawa a bakin rairayin teku da cikin fadamu, a Holan kuma gadojinta sun kai ɗaruruwa.

Amfaninta bai tsaya a bakin teku ba. Tun a 1982 aka gina gadar faiba mai kimanin mita 20 a Miyun, kusa da babban birnin ƙasar Sin. A 1992 aka kammala gadar ƙafa ta Aberfeldy a kan kogin Tay a ƙasar Sikotlan, mai tsawon mita 113, tazarar tsakiyarta kuma mita 63. Abin da zai ba ɗalibai sha'awa shi ne, ɗaliban injiniya na Jami'ar Dundee ne suka haɗa ta lokacin hutu, ba tare da babban injin ɗaga kaya ba. A 1997 aka kafa wata mai mita 40 a kan dogon jirgi a Kolding ta ƙasar Danmak. A wannan shekara kuma aka yi wata a Pontresina cikin duwatsun Suwizalan, mai gaɓa biyu, kowace mita 12.5, wadda saboda rashin nauyinta ake ɗauke ta kafin ƙanƙara ta narke kogi ya cika, a mayar da ita idan ruwa ya janye. Bayan shekara 17 ana wannan ɗauki-saka, masana daga Lausanne suka gwada ta, suka tarar tana iya ɗaukar nauyin da aka tsara mata, sai dai 'yan raunuka da alamun cin rana a jikinta.

ABIN DA YA SHAFI RIRUWAI

Gaskiyar magana, babu gishiri a iskar Kano, kuma ƙarfen da aka shafe da tutiya yakan daɗe ƙwarai a busasshiyar ƙasa irin wannan. Saboda haka dalilin da ya sa mutanen Dawlish suka zaɓi faiba bai isa hujja a Riruwai ba. Hujjojin wannan yanki dabam suke.

Na farko shi ne nauyi. Mashigin da ya fi bukatar gada sau da yawa shi ne wanda babbar mota ba ta iya isa gare shi, balle injin ɗaga kaya. A gandayen daji na Amurka an daɗe ana kafa gadojin faiba a irin waɗannan wurare. Akan kawo su gunduwa-gunduwa, mutum ɗaya ko biyu su ɗauki kowane yanki, 'yan ma'aikata kaɗan su ɗaure su da kusoshi cikin kwanaki. Wannan aiki ne da gayyar ƙauye za ta iya, muddin akwai injiniya a tsaye. Gada marar nauyi kuma ba ta bukatar ƙaton tushe irin na kankare.

Na biyu shi ne kulawa. Gadar ƙarfe tana son a kankare ta a yi mata fenti bayan 'yan shekaru, ta katako tana son a canza mata fallaye. Kowane ma'aikacin gwamnati ya san kuɗin sabon aiki ya fi kuɗin gyara sauƙin fitowa a kasafi. Abin da zai jure rashin kulawa na shekaru yana da daraja ta musamman a wurin da ke nesa da idon hukuma.

Na uku shi ne sata. Ƙarfen gefen gada da murfin magudanar ruwa sun zama abin farautar ɓata-gari masu kai wa 'yan gwangwan. Abin ya kai a watan Janairu na 2025 hukumomin Abuja suka rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci saboda satar murafen tituna. Faiba kuwa ba ta narkuwa, saboda haka ba ta da kuɗi a sikelin mai sayen tsohon ƙarfe. Kusoshin da suka ɗaure ta dai na ƙarfe ne, tilas a sa irin waɗanda ba su kwancuwa da sauƙi.

Na huɗu ya shafi ma'adinai. Tutiyar da ke dutsen Riruwai a haɗe take da farar wuta, irin wannan dutse kuwa idan aka fasa shi ya sha iska da ruwa, yana iya sa ruwan da ya ratsa shi ya yi tsami ya riƙa cin ƙarfe. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ya kamata a gwada ruwan rafin da ke kusa da ramukan haƙa kafin a zaɓi abin gini. Masana'antun da ke aiki da ruwan batir da makamantansa sun daɗe suna shimfiɗa ragar faiba a daɓensu saboda wannan dalili.

Sa'an nan ga tafkin Tiga, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178, wanda shi ne ya fi kama da teku a Jihar Kano. Ruwansa yana hawa yana sauka da damina da rani, masunta da fasinjoji kuma suna shiga kwalekwale ta cikin taɓo. Hanyar ƙafa ta faiba da za ta shiga cikin ruwa ta zama matsayar jirgi za ta yi amfani a nan, har da sauran madatsun jihar. Haɗarin da ya auku a madatsar Watari ta Bagwai ran 30 ga Nuwamba 2021, inda kwalekwale ya kife da mutane, aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, an danganta shi da lodi fiye da kima. Matsaya guda sananniya ita ce wurin da za a iya ƙirga fasinja a raba rigar ruwa kafin jirgi ya tashi.

AIBOBINTA

Kowane allazi da nasa amanu. Aibin farko na faiba shi ne lanƙwasa. Ko da yake tana da ƙarfi, taurinta bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfe ba, saboda haka gadar da ba a tsara da kyau ba za ta riƙa lilo a ƙarƙashin ƙafa. Bugu da ƙari, ƙarfe idan kaya ya yi masa yawa yakan tanƙware ya ba da gargaɗi, ita kuwa faiba tsagewa take yi farat ɗaya. Gadar Aberfeldy ta koyar da wannan darasi, don wata 'yar tarakta da ke jan yashi ta bi ta kanta ta tsaga daɓen, sai da aka ƙarfafa shi a 1997. A ƙasar Doguwa kuwa, duk gadar da aka ce ta ƙafa ce, lalle babur mai buhunan masara zai hau, garken shanu zai bi, mai amalanke ma zai gwada sa'arsa. Ko dai a tsara ta domin wannan nauyi tun ran gini, ko a kafa turaku a bakinta da za su hana abin da ya fi ƙarfinta shiga.

Aibi na biyu zafi ne. Ƙaron da ya ɗaure zaren yakan fara laushi idan zafi ya yi yawa, kuma wanda ba shi da inganci yana iya fara rauni tun zafin bai kai na tafasar ruwa ba. A watan Afrilu zafin iska a Kano yakan haura digiri 40, baƙin abu da ke shanye a rana kuwa ya fi haka nesa. Don haka sai a zaɓi ƙaro mai jure zafi da launi mai haske. Hasken rana kansa yana cin fatar faiba a hankali har zaren ya fara bayyana, sai an yi mata rufi na musamman tun daga masana'anta. Mafi haɗari ita ce wutar daji. Faiba tana ƙonewa, kuma ko an gauraya mata maganin rage cin wuta, tilas a riƙa share ciyawar da ke kewaye da gada kafin kaka ta wuce a fara cinna wa daji wuta.

Na uku, mai walda ba shi da aiki a kanta. Da kusoshi da gam ake haɗa ta, kuma kowace huda da aka yi tana yanke zare, saboda haka mahaɗa ita ce wurin rauni. Wanda zai yanka ta kuma sai ya rufe hanci da baki, don ƙurarta tana cutarwa. Idan ta tsufa, zubar da ita ma aiki ne, domin rashin narkewar nan da ya kore ɓarawo shi ne ya hana a sake sarrafa ta cikin sauƙi.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne tushe. Ambaliya takan kayar da gada ne ta wajen zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin ginshiƙai da bakin gaɓa, ko ta turo gungumen da zai doke ta. Faiba ba ta maganin wannan. Rashin nauyinta ma yana sa ruwa ya ɗauke ta kamar kara idan ya kai gare ta. Wajibi ne a tambayi dattawan wurin iyakar inda suka taɓa ganin ruwa ya kai, a ɗaga gadar sama da nan, a ɗaure ta tam a kan tushen dutse da siminti. A nan ƙasar Riruwai ta yi sa'a, don dutsen da za a kafa tushe a kansa yana kusa.

BATUN KUƊI

Ran saye, faiba ta fi katako tsada nesa, sau da yawa kuma ta fi ƙarfe. Zaren gilashi da ƙaro masu inganci galibi daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 duk abin da ake saye da dala ya ƙara tsada. Amma lissafin gada ba ya ƙarewa ran da aka yanke kirtani. Sai an haɗa kuɗin dako, da na tushe, da na fenti da gyara na shekara 30 ko 40, da hasarar da jama'a suke yi duk ranar da hanya ta yanke. A wani mashigin, musamman wanda ke bakin titi, lissafin zai nuna kwalbati ko gadar ƙarfe ta fi. A wani kuwa, can cikin dutse inda mota ba ta zuwa, faiba ce za ta yi rinjaye. Abin tsoro shi ne jabu, domin ido ba ya rarrabe faiba mai kyau da wadda aka cika wa alli aka rage wa zare. Araha ba ta ado, a kan gada kuwa tana iya cin rai.

ABIN YI

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina hanyoyin yankunansu da kula da su. Matakin farko, wanda ba ya cin kuɗi mai yawa, shi ne ma'aikatan sashen ayyuka na Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji su ƙirga mashigan da ruwa yake yankewa, su rubuta faɗin kowanne, da yawan masu bi, da kwanakin da yake hana wucewa a shekara, da ko akwai makaranta ko asibiti a hayinsa. Da wannan lissafi za a san inda za a fara.

Mataki na biyu gwaji ne. Masana ba su yi ƙaranci ba. Akwai sashen injiniyan gine-gine a Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Ɗangote ta Wudil, akwai sashen nazarin roba da saƙa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya da aka kafa a 1978. Ƙa'idojin tsara irin wannan gada ma a rubuce suke, don ƙungiyar hukumomin hanyoyi ta Amurka ta fitar da nata a 2008, Turai kuma ta fitar da nata a 2022. Sai a zaɓi mashigai biyu masu kama da juna, masu faɗin mita 10 zuwa 15, a kafa ta faiba a ɗaya, ta ƙarfe mai shafen tutiya a ɗaya, a rubuta duk abin da aka kashe. Ɗalibai su riƙa zuwa bayan kowace damina da kowace bazara suna auna lanƙwasa, suna duba kusoshi da fatar gadar da tushenta, a buga sakamakon kowa ya gani. Mai unguwa da jama'arsa kuma a damƙa musu share ciyawa da hana lodi.

Idan bayan damina biyar ta faiba ta nuna ta jure ranar Kano da shanu da babura, to an sami hujjar yin goma, har masu masana'antar roba na jihar su ga dalilin sayen injin yin ta a gida. Idan kuwa ta gaza, an yi hasarar ƙaramar gada ɗaya, an tsira daga barnar kuɗin guda ɗari. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin nan dai, yaran da ke hayin rafi a ƙasar Riruwai za su ci gaba da duban sama kowace safiya ta watan Agusta, su ga ko hadari zai bar su su je makaranta.